Allon Watan Yuli

Ƙarfe goma na dare, rana ta ƙi faɗuwa.
Haka Yuli yake a bakin kogin Nemunas:
haske ya yi zaman dirshan a taga
kamar mai bin bashi.

Can ƙasa filin ya yi tsit.
An ɗage kwanduna biyu sama,
Birute ta goge katakon har yana ƙyalli.
Ba ƙarar takalmi, ba usur,
sai agogon wasa da aka manta a kunne
yana nuna sifili huɗu.

Wasa talatin muka buga, bakwai muka ci.
Sauran ashirin da ukun ina ɗauke da su a bayan wuya,
inda Aldona kan danna da dare
ta ce, wannan ai itace ne, ba nama ba.

Ga allo, ga gurbi goma sha biyu.
Ga wasiƙar masu kamfanin kyafe kifi:
bana rabin kuɗin bara.
Sun sa hannu da kyau, har da fatan alheri.

Dillali ya kira daga ƙetaren teku,
wai yana da yaro mai zuba maki ashirin a dare.
Sau uku na kalli bidiyonsa.
Hannu kamar an zana.
A kallo na uku na daina bin ƙwallon,
na bi abokinsa da ke ƙarƙashin kwando
shi kaɗai, hannu a sama,
sau goma sha ɗaya,
ko kallo bai samu ba.
Mun sayi irinsa bara.
Kafin ƙanƙara ta narke ya kama gabansa,
ya bar mana riga mai lamba ɗaya da bashin haya.
Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba rashin jifa ya kashe mu ba.
Ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo,
ita ce marainiya a gidan nan.
Don haka na rubuta Skirmantas,
dogon nan na rukuni na biyu
mai tuƙa motar madara da asuba.
Ba a taɓa tafa masa ba.
Bai iya jifa daga nesa ba, ya kuma sani.
Yana dai tsayawa inda ƙwallo za ta faɗo
kamar an raɗa masa.

Sai yara biyu na makarantarmu,
Vakaris da Tautvilas, gemu bai tsiro ba.
Za su yi ta zubar da ƙwallo har Disamba,
tsofaffin layin gaba su tare ni a kantin burodi.
Su tare.
Wanda bai faɗi a gabanmu ba
a gaban wa zai koyi tashi?

Suna ɗaya na kwana tara ina kewayewa.
Rimvydas. Kaka goma sha huɗu.
Gwiwarsa ta hagu tana magana a matakala
kafin shi ya yi sallama.
Da la'asar ya hawo,
da kwalbar zuma daga amyarsa.
Na shirya jawabi, har da batun tsohuwar zuma da magani.
Ya ajiye kwalbar a kan wasiƙar masu kifi,
ya dubi allon,
ya sa babban yatsa ya goge kansa.
Ya ce, kada ka wahalar da bakinka, Daumantas.
Akwatina na kusa da ƙofa, a ba Vakaris,
yaron yana yawan makara.
Ya sauka a hankali, hannu a bango.
Na ƙirga matakan da shi. Sha bakwai.

Yanzu goma sha ɗaya ne a allo.
Gurbi na ƙarshe na bar shi fari
da 'yan canjin da suka rage,
don Janairu ba ya zuwa hannu rabbana:
idon sawun wani zai gurɗe.

Rana ta sauka daga ƙarshe, rabi-rabi.
Na buɗe zumar, babu cokali.
A jikin murfin akwai shatin yatsa,
shuɗi, na tawadar allo.